Wai da gaske Nvidia ta sayi Intel, ko dai watanda ake yi da kamfanin?

Auwal_Beirut:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana a warware mini wannan. Jiya da yamma wani kwastoma ya shigo shagona a Beirut Road, na ɗauko masa laftof mai Core i5, ya buɗe ta, idonsa ya faɗa kan sitikar Intel, sai ya mayar ya rufe. Wai shi ya ji kamfanin ya karye, Nvidia ta saye shi, ba zai zuba kuɗinsa a abin da gobe za a nemi kayan gyaransa a rasa ba. Na ba shi baki har na gaji, ya yi tafiyarsa. Ni kuma guda goma sha huɗu gare ni a kan kanta, duk Intel ne in ban da biyu. Tun 2024 nake jin wannan zance, yau a ce Qualcomm, gobe a ce wane. An sayar ne ko ba a sayar ba? In za a sayar, wa zai saya?

InjiniyaSadi:
Wa alaikumus salam Malam Auwal. Ba a sayar ba. Abin da ya faru ranar 18 ga Satumban 2025 shi ne Nvidia ta ce za ta sayi hannun jari na dala biliyan 5 a Intel, kowane ɗaya a kan dala 23.28. Wajen kashi 4 cikin ɗari ke nan. Mai kashi huɗu ba shi da gida, ko ɗaki bai samu ba. Sun dai yi yarjejeniyar haɗa wasu firosesa tare, ɓangaren lissafi na Intel, ɓangaren hoto na Nvidia.

Ɗan_Kurna:
Kai jama'a. Ni ma wallahi haka na ji a majalisa, wai an sayar an gama.

Zainab_Lissafi:
Ba laifin majalisa ba ne, Ɗan_Kurna, shekara guda ke nan ana wannan waƙar. A Satumban 2024 jaridar Wall Street Journal ta ce Qualcomm ta tuntuɓi Intel kan sayen kamfanin gaba ɗaya. Kafin ƙarshen Nuwamba aka ce zancen ya yi sanyi. A Fabrairun 2025 kuma aka ce Broadcom na leƙen ɓangaren zane, TSMC ta Taiwan kuma ɓangaren masana'antu, wato a tsaga kamfanin gida biyu. Babu ko ɗaya da ya kai ga sa hannu. Duk rahoton 'yan jarida ne da "majiya ta ce".

Alhaji_Jari:
Ruwa dai ba ya tsami banza, Hajiya. Kamfanin da ya yi asarar dala biliyan 18.8 a shekara ɗaya, ya daina raba riba ga masu hannun jari, ya ce zai sallami ma'aikata 15,000, ai dole dillalai su fara zagaye shi. Washegarin ranar da aka fitar da labarin sallamar, farkon Agustan 2024, darajar hannun jarinsa ta zube da kashi 26 a wuni guda. Ina kallon allon a wayata na ɗauka manhajar ce ta lalace.

Zainab_Lissafi:
Ban musa ba, ranka ya daɗe. Cewa na yi zagaye daban, ciniki daban.

MaiGyara_Farm:
Yaya Auwal, bari in yi magana a kan abin da ya shafe ka, manyan nan su ci gaba da lissafin biliyoyi. Shekarata tara ina gyara. Laftof ɗin da aka kawo mini saboda firosesa ta mutu ba su kai yatsun hannuna biyu ba, su ma yawanci ruwa ne ko wuta. Abin da ke mutuwa batir ne, da sikirin, da kibod, da wurin caji, da maƙalin murfi. Duk waɗannan ba Intel ke yin su ba. Kuma firosesar laftof na yanzu a liƙe take da bod, ba a cire ta a sa wata kamar ta tebur. Ko yau aka rufe kamfanin, wadda ke kan kantarka ba za ta san an yi ba. Ka faɗa wa kwastomanka haka.

Maman_Hanif:
To ni tambayata, me ya kai su ga wannan hali? Lokacin da muke makaranta kowace kwamfuta ka buɗe Intel ce. Hatta ɗan sautin tallarsu na haddace.

InjiniyaSadi:
Hajiya, labarin da tsawo, amma ga kansa. Intel sana'a biyu take yi a gida ɗaya: ita ke zana cip, ita ke ƙera shi a masana'antarta. Sauran manyan, Nvidia da AMD da Qualcomm da Apple, zane kawai suke yi, su miƙa wa TSMC ta ƙera musu, kamar mai kai yadi wurin tela. Shekaru da yawa wannan haɗin shi ne ƙarfin Intel, domin telanta ya fi na kowa. Sai telan ya fara saɓa alkawari. Fasahar da suke kira nanomita 10 ta yi ta jinkiri shekara bayan shekara, suka maƙale a kan 14 suna ta yi mata kwaskwarima, har mutane suka mai da abin barkwanci. A wannan tsakanin TSMC ta rungumi sababbin injunan kamfanin ASML na ƙasar Holan, masu zana layuka da wani irin haske, ta wuce gaba. AMD ta hau bayan TSMC ta fara cin kasuwar Intel. Apple, wadda ke amfani da firosesar Intel tun 2006, ta fito da nata M1 a 2020 ta yi sallama. Da zamanin ƙirƙirarriyar basira ya zo kuma, kuɗin duk ya kwarara wurin Nvidia. Kuɗin shigar Intel a 2021 dala biliyan 79 ne, a 2024 ya dawo 53. Abin kunyar ma, wasu daga cikin sababbin firosesar Intel ɗin kanta a masana'antar TSMC ake ƙera su. Tela ya kai ɗinkinsa wurin maƙwabci.

Ɗan_Kurna:
Tela ya kai ɗinkin Sallarsa shagon maƙwabci 😂 Injiniya ka gama da su.

Habu_Zariya:
Injiniya ya manta babban kuskuren, wato waya. Tsohon shugabansu Paul Otellini da bakinsa ya faɗa, bayan ya sauka, cewa an zo musu da maganar cip ɗin iPhone ta farko suka ga farashin bai yi musu ba. A 2006 ma sayar da ɓangarensu na XScale, wanda shi ne mai yin irin cip ɗin waya, suka yi wa kamfanin Marvell. Ka duba aljihunka yanzu. Tecno ce ko Infinix ko Samsung, ba ruwanta da Intel. Akwai kuma wanda ya fi ciwo: New York Times ta ruwaito cewa a 2005 shi Otellinin ya kai wa hukumar kamfanin shawarar su sayi Nvidia a kan kusan dala biliyan 20, aka ƙi. Yau Nvidia ta haura dala tiriliyan 4, ita ce ke miƙo musu biliyan biyar.

InjiniyaSadi:
Ban manta ba Malam Habu, gudun tsawo na yi. Amma gaskiyarka.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan talho ne kasuwarmu fiye da odinata. Abin da Malam Habu ya faɗa haka yake, in ka buɗe bayanin yawancin waɗanda muke sayarwa MediaTek za ka gani ko Unisoc. To ni abin da ban gane ba, tunda Qualcomm na da kuɗi kuma ita ce gwanar waya, me ya hana ta saya a huta?

Zainab_Lissafi:
Ɗan_Maraɗi, ko kuɗin ya isa, akwai ƙofofin da sai an buɗe maka. Irin wannan ciniki sai hukumomin hana babakere na ƙasashen da kake kasuwanci sun amince, har da China. Qualcomm ta taɓa ɗanɗana: ta shirya sayen kamfanin cip na NXP a kan dala biliyan 44, ta jira amincewar China har ta gaji, a 2018 ta haƙura. Intel ɗin ma ta so sayen Tower ta Isra'ila a kan biliyan 5.4, a 2023 cinikin ya mutu a wannan ƙofar. Nvidia ta nemi sayen Arm, kamfanin zanen cip, a kan biliyan 40, hukumomin Amurka da Birtaniya da Turai suka taso, ta janye a 2022. Broadcom kuwa Trump da kansa ya hana ta sayen Qualcomm a 2018. Ka ga duk masu neman auren nan kowa an taɓa mayar masa da kayan lefensa.

Habu_Zariya:
Ga kuma wani ƙulli da ba a cika faɗa ba. Tsarin x86 da kwamfutocinmu ke gudu a kai, Intel da AMD suna da yarjejeniyar amfani da fasahar juna, wadda suka sabunta a 2009. A ciki akwai sharaɗin cewa in ɗayansu ya sauya mai shi, yarjejeniyar ta warware. Wanda ya sayi Intel sai ya koma ya zauna da AMD a sake ciniki. Kamar ka sayi gida ne a ce maka makullin ƙofar gaba yana hannun maƙwabci.

BabaNaKakuri:
Yarana, ku bar tsoho ya sa baki, ko da yake ban san cip ba. Na yi shekara goma sha tara a wata masaƙa a Kaduna, ba zan kama suna ba. Lokacin da ta fara tangal-tangal, kullum da labarin da za a kawo mana a kantin cin abinci. Yau a ce wasu 'yan Indiya sun zo, gobe a ce 'yan China ne. Ranar da baƙi za su zo sai a sa mu share harabar, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a tayar da injuna biyu uku da suka rage don a ji ƙara. Su zo da hular kwano su zagaya, su yi ta rubutu. Na lura da abu ɗaya: ba sa daɗewa a ɗakin saƙa. Tambayarsu ita ce filin eka nawa ne, janareto nawa ke aiki, sunan atamfar na wa ne a takarda. Ba wanda ya taɓa tambayar mu nawa ne ma'aikata. Ƙarshenta ba wanda ya sayi masaƙar. Wani ya ɗauki janareto, wani ya ɗauki sito, injunan da na yi ƙuruciyata a kansu 'yan gwangwan suka yanka da wuta suka auna a sikeli. Da na karanta abin da Zainab ta rubuta, wai wannan na son zane wancan na son masana'anta, sai na tuna farar ƙasar nan. Watanda ke nan. Ba mai son saniya da rai, kowa kasonsa yake jira.

Maman_Hanif:
Allah sarki Baba. Allah ya saka muku da alheri. Mahaifina ma a can ya yi aiki.

BabaNaKakuri:
Amin 'yata. Allah ya jiƙan na gaba.

Alhaji_Jari:
Baba, maganarka da ƙamshin gaskiya, domin an riga an fara yanka. Ɓangaren ma'adanar bayanai sun sayar wa SK Hynix ta Koriya a kan dala biliyan 9. Kamfanin cip na Altera da suka saya biliyan 16.7 a 2015, a Afrilun 2025 sun sanar da sayar da kashi 51 nasa ga kamfanin zuba jari na Silver Lake, aka yi wa kamfanin duka kuɗi biliyan 8.75. Kusan rabin abin da suka biya. Masana'antun da suka yi alkawarin ginawa a Jamus da Foland an soke, ta jihar Ohayo an ɗaga zuwa 2030. Sai dai fa komai lalacewar giwa ta fi kwando goma.

InjiniyaSadi:
Baba, da girmamawa, akwai inda misalin ya rabu. Masaƙarku ba ta da mai tsaya mata. Intel kuwa gwamnatin Amurka ba za ta bari a auna ta a sikeli ba, domin ita kaɗai ce kamfanin Amurka da ke ƙera cip na sahun gaba a cikin ƙasar. Sauran biyun da suka iya, TSMC tana Taiwan, Samsung tana Koriya ta Kudu. In rikici ya tashi tsakanin China da Taiwan fa? Shi ya sa a watan Agustan 2025 gwamnati ta karɓi kashi 9.9 na kamfanin a kan dala biliyan 8.9. Kuma ba sabon kuɗi ba ne, tallafin da aka riga aka yi musu alkawari ne aka mayar hannun jari. Ku lura da wani sharaɗi a ciki: in Intel ta bari mallakarta a ɓangaren masana'antu ta yi ƙasa da kashi 51, gwamnati na da damar ƙara karɓar kashi 5 a kan dala 20 kowane hannun jari. Ma'ana an ɗaure saniyar a turke. Wanda ke mafarkin TSMC za ta kwashe masana'antun ya sake lissafi.

Ɗan_Kurna:
Tsaya. Amurka ce ke sayen hannun jari a kamfani? Ba su ne suke ce mana gwamnati ba ta iya kasuwanci, a sayar da NITEL a sayar da NEPA ba?

Habu_Zariya:
Su ne dai 😂 Dokar ta masu ƙaramin ƙarfi ce.

Zainab_Lissafi:
A can ma an yi surutu, har cikin jam'iyyar Trump akwai waɗanda suka ce wannan gurguzu ne. Abin mamakin, makonni biyu kafin cinikin Trump ya fito ya ce sabon shugaban Intel, Lip-Bu Tan, ya sauka nan take saboda alaƙarsa da kamfanonin China. Mutumin ya je fadar White House suka gana, sai yabo ya biyo baya, sai ga kashi goma. Gwamnatin dai ba ta karɓi kujera a hukumar kamfanin ba.

Usman_Kumasi:
Ina bin ku daga Kumasi. Ni ina ganin kuna saurin yi wa kamfanin nan sallar gawa. Ku tuna AMD. A 2015 hannun jarinta bai kai dala biyu ba, kowa na cewa ta mutu, ana ta jita-jitar wa zai saye ta. Ba wanda ya saya. Shugabarta Lisa Su ta riƙe ta, firosesarta Ryzen ta fito a 2017, yau ta fi Intel daraja a kasuwa. Ita Intel ɗin ma a 1985 kamfanonin Japan sun kore ta daga sana'arta ta asali, cip ɗin ma'adana, ta koma firosesa ta fi da ƙarfi.

InjiniyaSadi:
Malam Usman, misalin AMD ai yana goyon bayan masu cewa a tsaga ne. AMD ba ta warke ba sai da ta sauke masana'antunta a 2009, da kuɗin Abu Dhabi, suka zama GlobalFoundries. Nauyin da ta sauke shi ne Intel ke ɗauke da shi, kuma an hana ta saukewa. Ɓangaren masana'antun nan shi kaɗai ya yi asarar sama da dala biliyan 13 a 2024. Masana'antar cip ba ta biyan kanta sai tana aiki dare da rana a cike, kuma kayan Intel kaɗai ba za su cika ta ba. Ba mai saye take nema ba, mai kawo ɗinki take nema. Su da kansu sun rubuta a watan Yulin 2025 cewa in ba su samu babban kwastoma ba, suna iya dakatar da fasaharsu ta gaba, 14A. To a duk sanarwar Nvidia ɗin nan babu inda ta yi alkawarin kai nata cip ɗin masana'antar Intel. Ta sa kuɗi a shagon tela, amma yadinta yana Taiwan.

Usman_Kumasi:
Na karɓi gyara a kan GlobalFoundries. Amma ba na jin Nvidia da SoftBank ta Japan, da ta sa biliyan 2, sadaka suke yi.

Alhaji_Jari:
Ba sadaka ba ce, gaisuwa ce. Wanda yake son sarki ya gan shi, dokin sarki yake kai wa dusa. Biliyan biyar a wurin Nvidia kuɗin goro ne, ga shi tana neman izinin gwamnati kan sayar da kayanta a China.

Zainab_Lissafi:
Wannan fassararka ce, Alhaji, shugaban Nvidia ya ce gwamnati ba ta da hannu a cinikin.

Alhaji_Jari:
To me kike so ya ce, Hajiya?

MaiGyara_Farm:
Kun bar Yaya Auwal a tsaye fa. Yaya, abin da ya kamata ya hana ka barci ba wa zai sayi Intel ba ne. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, kuma Windows 11 a hukumance daga firosesar Intel janareshan na 8 take farawa. Duba kayanka. In 'yan 6 da 7 ne suka fi yawa, ka rage farashi ka fitar da su kafin kwastomomi su waye. Muna ɗora musu 11 ɗin ta bayan gida, tana tafiya, amma mai saye in ya sani sai ya taya da arha.

Auwal_Beirut:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. MaiGyara, na duba, shida 'yan janareshan na 8 ne, huɗu na 7, biyu na 6, sai AMD biyu. Amma har yanzu ban ji amsar tambayata ta biyu ba. Nan da shekara biyu, sitikar nan za ta ci gaba da zama Intel ko wani suna za mu gani?

Habu_Zariya:
Sunan zai zauna ko wa ya saya, sunan ai shi ne tsokar. Ni hasashena ɓangaren zane zai koma hannun wani, masana'antun su zama na haɗaka da gwamnati a ciki.

InjiniyaSadi:
Ni ban ga mai saye ba. Ƙananan masu zuba jari dai za su ƙaru, a Satumban 2025 ma an yi rahoton Intel ta tuntuɓi Apple. Ranar da kuka ji wani babba ya sa hannu zai ƙera cip ɗinsa a masana'antarsu, ku tashe ni.

BabaNaKakuri:
Mu ma an sha ce mana gwamnati ba za ta bari ba.

Maman_Hanif:
Malam Auwal, cikin 'yan na 8 ɗin akwai mai RAM 8 da batir mai riƙe wuta? Hanif zai fara koyon kwamfuta. Nawa za ka bar mini?

Auwal_Beirut:
Akwai Hajiya, guda biyu, ɗaya murfinta da ɗan ƙarce. Na turo miki hoto ta akwatin saƙo.